Gorar da nake cewa ta maganin basir ce

Shekara goma sha uku na yi ina shan giya, ni ɗan gidan da ko sunanta ba a ambata sai an haɗa da a'uziyya. Matata ce ke share ɗakin da nake ajiye ta, wani lokaci ma ita ke ɗauke gorar ta ɗora saman sif don kada yara su taɓa, ba ta san abin da ta ɗauka ba. Ni kaina sai can a ƙarshe na yarda cewa giya ce. Kafin nan magani nake ce mata, a gaban mutane da kuma a cikin zuciyata. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne na san masu irin gorata suna da yawa a garuruwanmu, kuma wani daga cikinsu yana can yana shirin barinta ta hanyar da ta kusa kai ni kabari.

An haife ni a 1984 a wani ƙauye kusa da Aliero. Duk wanda ya san yankinmu ya san albasa ce rayuwarmu: a dasa ta da sanyi, a cire, a jibge a rudu ana jiran farashi ya tashi, ana fargabar ruɓewa. Mahaifina manomi ne kuma ɗan kasuwa, mutum ne da ba a raba shi da sahun farko. Na yi allo, na yi firamare, sakandare kuwa a aji uku na bar ta saboda kasuwa ta fi ja na. Ina wajen shekara goma sha shida aka fara aiki da Shari'a a Zamfara, a Janairun 2000, Kebbi ma ta bi sahu, kuma ina cikin samarin da suka yi ta kabbara don murna. A lokacin ban taɓa ganin kwalbar giya da idona ba. Mashayi a wurina shi ne mutumin nan da ke kwana a bakin kwata, tufafi duk dauɗa, yara na bin sa da ihu. Wannan hoton ne ya cuce ni daga baya. Duk sanda zuciyata ta tuhume ni, sai in dubi farar shaddata da hulata in ce ai ban yi kama da shi ba.

A 2006 na fara rakiyar kaya zuwa Kurmi. Tirela ta yi lodi a Aliero, mu bi ta Jega, Koko, Yawuri, Kontagora, Mokwa, mu haye gadar Jebba, sai Ilori, sai Badun, wani zubin har kasuwar Mil 12 ta Ikko. Kwana biyu, kwana uku, in mota ta lalace har biyar, kana ɗare bisa buhuna, rana ta dake ka, raɓa ta sauka a kanka. Ba a yi wata shida ba bayana ya riƙe. Wani dare a wata tasha gaba da Jebba, wani direba da nake ganin girmansa ya ga ina dafe da ƙugu, sai ya kira wata mai talla ɗauke da daro cike da kwalabe, kowace da saiwoyi da sassaƙe a ciki. Wannan na ciwon baya, wannan na basir, wancan na sanyi. Ta zuba mini a wani ɗan kofi da bai kai murfin filas ba. Na ce da direban, "Maigida, ba giya ciki dai ko?" Ya ce, "Kai yaro, itace ne. Ɗan abin da aka sa don ya jawo ƙarfin maganin ne, sha abinka." Na sha. Maƙogwarona ya ɗauki zafi, ɗumi ya bi jikina har yatsun ƙafa, ciwon ya ja da baya, na yi barcin da rabona da irinsa tun ina gida. Da gari ya waye na san amsar da ya ba ni ba amsa ba ce. Na riƙe ta dai, saboda ita nake so in ji.

Shekarun farko a hanya kawai nake sha, kofi ɗaya da dare. In na dawo gida sai in yi mako biyu ban tuna da shi ba, abin da ya ƙara sa na sakankance cewa linzamin yana hannuna. Sannu a hankali kofi ɗaya ya daina yi mini komai, ya koma biyu, ya koma huɗu. Har daɗi nake ji, wai abin da ke kayar da wasu ni ko gezau. Sai a asibiti na ji cewa alamar farko ke nan: jiki ya saba, sai an ƙara masa kafin ya ji abin da yake ji a da. Daga nan na bar masu daro na koma 'yar ledar giyar nan da ake sayarwa a teburan tashoshin Kudu, mai arha, mai shigewa aljihu ba a gani. Kafin in yi aure a 2011 na riga na fara tahowa da ita gida, a ƙunshe cikin buhunan da aka juye. Na sami gorar roba, na cusa mata saiwoyi da sassaƙen da na saya wajen mai maganin gargajiya. In farke ledoji in juye a ciki, ruwan ya yi ja kamar tsimi. Na ce wa amaryata maganin basir ne da aka haɗa mini a Badun, ɗaci gare shi, kada kowa ya taɓa. Yarinyar da ta tashi a gidan malamai, ina za ta san warin barasa? Ledojin masai nake jefa su. Kanumfari da goro ba sa barin aljihuna, turare kuwa har kirari ake yi mini da shi a kasuwa.

Daga 2014 zuwa 2019 abin ya cinye ni, kuma ko sau ɗaya ban taɓa faɗuwa a titi ba. Kafin assalatu nake farkawa sharkaf da zufa, gaba na faɗuwa, zuciya na tashi, hannu na kyarma. In mai shayi ya miƙo mini kofi sai na tare shi da hannu biyu, don haka na daina zama teburin mai shayi. In zan ƙirga wa manomi kuɗinsa sai in miƙa wa yarona, in ce idona ne ke damuna. Kurɓa biyu daga gorar, kafin a jima hannun ya tsaya cak. Na ɗauki wannan hujja cewa magani ne. Ashe wanda sai ya kurɓa da sassafe kafin hannunsa ya tsaya, ciwonsa ya riga ya yi nisa.

Sai mantuwa. Wata safiya a Badun wani dillali ya zo da mota zai kwashi buhu arba'in, ya ce jiya da dare mun yi ciniki har na karɓi kafin alƙalami. Na laluba aljihu, ga kuɗin. Farashin da ya ambata ya gaza na kasuwa nesa ba kusa ba, ga shaidu biyu sun ce da bakina na sallama, ina tsaye daram ina magana kamar kowa. Ni kuwa daga isha'i zuwa wayewar gari babu ko ɗigo a kaina. Kayan ba nawa ba ne, amanar manoma uku ce 'yan garinmu. Na dawo na ce musu kasuwa ce ta faɗi. Ɗayansu dattijo ne, sa'an mahaifina. Ya ce, "Allah ya mayar da alheri, ɗana," har da yi mini sannu da wahalar hanya. Wannan sannun, in na tuna da ita har yau sai in ji abu ya tokare mini ƙirji.

A gida na zama wani mutum daban. Tuwo sai ya kwana ban taɓa ba, in matata ta yi magana in hau ta da faɗa. Wata rana ta ce, "Maigida, wanga basir shekara nawa bai warke ba? Mu tahi asibiti mana." Kwana uku ban yi mata magana ba. Ranar sunan ɗanmu na biyu, sau uku ina barin baƙi a zaure ina zagayawa bayan rudu. Duk gayyatar da aka yi mini, ta ɗaurin aure ce ko ta wa'azi, abin da nake fara lissafawa shi ne awa nawa zan yi nesa da gorar. Azumi uku a jere ina ƙirƙiro tafiya Kurmi don in sami uzurin matafiyi, kuma ban rama ko ɗaya ba a lokacin. Rantsuwar bari kuwa na yi ta babu adadi. In rantse da asuba, kafin la'asar na karya.

Abin da ya fi komai yi mini illa shi ne salla. Na ji a wa'azi cewa wanda ya sha giya ba a karɓar sallarsa kwana arba'in. Sai Shaiɗan ya buga mini lissafi: kai da kake sha kullum, yaushe arba'in ɗinka za ta cika? Daga nan in ina ni kaɗai ba na yi. In da mutane, in shiga sahu saboda ido. Igiyar da ta rage mini ke nan, na tsinke ta da hannuna.

A ƙarshen 2018 abokin tafiyata ya kwanta. Shi ma gora gare shi, ni kaɗai na sani, kamar yadda shi kaɗai ya san tawa. Idonsa ya yi ruwan ɗorawa, ƙafafu suka kumbura, ciki ya yi tulu, daga baya ya fara aman jini. Gari ya ɗauka sammu aka yi masa saboda kasuwa ta buɗe masa, aka yi ta kashe kuɗi wajen karya sihiri. Na zauna a gefen tabarmarsa, muka haɗa ido, ban ce komai ba, shi ma bai ce ba. Ya bar 'ya'ya biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2019 kaɗai giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a duniya. A wurinmu irin wannan mutuwar da wani suna ake binne ta.

Rasuwarsa ce ta sa na ɗaura niyya. Azumin 2019 ya kama ranar Litinin, 6 ga Mayu, bazara na tsakiyarta. Daren Lahadi, bayan an sanar da ganin wata, na yi kurɓar ƙarshe, na tuttular da sauran, na yi wanka, na rantse na bar ta har abada. Ban faɗa wa kowa ba. A ganina magana ce tsakanina da Ubangijina, kuma ai namiji da zuciya yake barin abu.

Litinin kafin azahar kyarma ta kama ni har haƙora na haɗuwa, ga zufa, ga yunƙurin amai ciki babu komai. Aka ce zafin rana ne da azumin farko. Da aka sha ruwa ko kunu bai zauna mini ba. Daren nan ban runtsa ba. Talata da hantsi ina zaure na yanke jiki na faɗi. An ce na sanƙare, na yi ta jijjiga, na ciji harshe har jini. Ni ban san an yi ba, na dai farfaɗo na ga Inna tana tofa mini addu'a tana hawaye. Mutumin da bai taɓa farfaɗiya ba ya faɗi haka da rana tsaka, a ƙauye me za a ce? Aka ce iska ce. Aka kira mai ruƙiyya, aka yi hayaƙi, aka shafe ni da man habbatus sauda. Daren Laraba abin ya kai maƙura. Na riƙa ganin ƙwari suna ɓullowa daga bango suna bin jikina, ina kakkaɓewa ina ihu. Na ga macizai a rufin ɗaki. Na ji muryar abokina da ya rasu yana kira na daga tsakar gida. Jikina zafi rau, matata ma ban gane ta ba. Duk wannan ya ƙara tabbatar wa jama'a cewa aljanu ne, har wani kawuna ya ce a ɗaure ni a kai ni gidan mari.

Yayan matata malamin asibiti ne a Jega. Cikin daren ya hau babur ya zo. Ya duba ni, ya ja ƙanwarsa gefe ya tambaye ta ko akwai abin da nake sha kullum wanda na daina kwanan nan. Ta ce, "Babu, Yaya, sai dai maganinai na basir. Tun da azumi ya kama bai sha ba. Ko shi ne?" Ta ɗauko gorar da na jefa bayan sif. Ya buɗe, ya kai hanci sau ɗaya, ya rufe. Bai ce mata komai ba. Ya fita zaure ya durƙusa gaban mahaifina ya ce, "Baba, a ci gaba da addu'a, amma wanga ciwo na asibiti ne, kuma ina tsoron a kai safiya." Mahaifina ya ce a nemo mota.

Kwana shida na yi a wani babban asibiti a Birnin Kebbi, ana ƙarin ruwa ana allura. Da hankalina ya dawo, likitan ya yi mini bayani da abin da na sani. Ya ce giya birki ce a kan ƙwaƙwalwa. In mutum ya shekara da shekaru yana taka birkin nan kullum, sai ƙwaƙwalwa ta ƙara wuta don motar ta ci gaba da tafiya. Ranar da ya ɗage ƙafa gaba ɗaya, wutar tana nan, babu mai riƙe ta. Shi ya sa kyarma da zufa ke farawa cikin awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe, jijjiga takan zo cikin kwana biyun farko, ruɗewa da gane-gane kuma daga kwana na biyu zuwa na huɗu, kuma wannan na ƙarshen yana kisa in ba a kula da shi ba. Abin da suka ba ni maganin kwantar da jijiyoyi ne da ake rage shi kaɗan-kaɗan, da allurar bitamin B1, wanda ya ce jikin mashayi kan rasa, rashinsa kuma yana lalata ƙwaƙwalwa. "Malam, niyyarka kyakkyawa ce," in ji shi, "amma wanda jikinsa ya kai inda naka ya kai ba ya bari shi kaɗai a ɗaki. A gabanmu ake bari."

Ya kuma yi mini tambayoyi huɗu da ya ce likitoci sun daɗe suna amfani da su. Ka taɓa jin ya kamata ka rage? Ka taɓa jin haushin wanda ya yi maka magana a kan abin da kake sha? Ka taɓa jin nadama ko kunya bayan ka sha? Ka taɓa sha da sassafe don jikinka ya daidaita? Ya ce wanda ya amsa biyu da "e", ya kamata a duba shi sosai. Ni duka huɗun na amsa. Na kwanta ina lissafi, na ga da wani ya yi mini su tun 2012, da biyu zan amsa ba gardama, kuma a lokacin ban ci amanar kowa ba tukuna. Hoton ciki ya nuna hantata ta kumbura, kitse ya taru a cikinta, amma ba ta kai ga ƙeƙashewa ba. Ya ce a wannan matakin takan farfaɗo in an daina, in kuwa ta ƙeƙashe ba ta komawa yadda take. An gwada ni ciwon hanta nau'in B, wanda ya yi yawa a ƙasar nan kuma in ya haɗu da giya ɓarnar ta fi sauri, Allah ya sa ba ni da shi. Da ya ambaci kumburin ciki da aman jini, sai na juya fuska bango, don na san wanda yake siffantawa.

Daga nan suka tura ni asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, gaba kaɗan da birnin Sakkwato a hanyar Illela. Da farko na ƙi. A wurinmu in aka ce an kai wane Kware, magana ta ƙare, mahaukaci ne. Surukin nawa ya ce mini a can ake duba masu matsalar shaye-shaye, kuma fitar da giya daga jini mako ɗaya ne, fitar da ita daga rayuwa shi ne aikin. Na yi sama da wata ɗaya. Na tarar da malamin makaranta, da tsohon ma'aikacin gwamnati mai furfura, da samari 'yan tiramol da kodin. Babu wanda ya yi kama da mutumin bakin kwata. A can aka sa na zauna na tantance abubuwan da ke tayar mini da ƙwaɗayi: shiga tasha da dare, kuɗi a aljihu bayan ciniki, ɓacin rai a gida, da ciwon bayan nan da tun 2006 ban taɓa kai wa likita ba. Aka koya mini cewa ƙwaɗayin kamar guguwa yake, ya taso ya murɗa ya wuce, in dai ka tashi daga inda kake, ka kira wani, ka sa wa cikinka abinci. Bayan nawa kuwa gashi da motsa jiki aka rubuta mini. A watan Satumba da Oktoba na shekarar 'yan sanda suka fasa wasu gidajen mari a Kaduna da Katsina, aka fito da ɗaruruwan mutane, wasu da sarƙa a ƙafa. Na kalli hotunan a waya jikina ya yi sanyi. Da shawarar kawuna aka bi a daren Laraban nan, gawa za a kwance.

Matata ta zo sau ɗaya ina Kware. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. Ta ce, "Na daɗe da sanin akwai abin da ke cin ka, sunanai ne ban sani ba. Kuma da hannuna nike ɗauke maka ita." Ta tafi gidansu wata biyu, ban ga laifinta ba. Mahaifina kuwa sai bayan ƙaramar salla ya zo, tare da limamin garinmu. Ya zauna ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Mi ya hana ka hwaɗa mini?" Na ce tsoro. Ba bulala tamanin nake tsoro ba, da ita kaɗai ce da na kai kaina. Fuskarsa nake tsoro, da sahun masallaci, da ranar da za a zo neman auren 'ya'yana a ce 'ya'yan wane ne.

Liman ne ya warware mini ƙullin da ya fi daɗewa a zuciyata. Ya ce zancen kwana arba'in bai ɗauke wa kowa farillar salla ba, wanda ya bari ya ƙara babban laifi a kan laifi, kuma ƙofar tuba a buɗe take ko a ranar da mutum ya sha. Ya kawo mini labarin sahabin nan da ke cikin Bukhari, wanda aka sha kawowa gaban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, saboda giya, har wani ya la'ance shi, Annabi ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da Manzonsa. Ya tuna mini cewa haramcin ma mataki-mataki ya sauka, daga aya ta 219 a Baƙara, zuwa ta 43 a Nisa'i, kafin ta 90 a Ma'ida ta rufe ƙofar. Na yi kuka a gaban mahaifina, abin da rabona da shi tun ina yaro. Ban taɓa shakkar haramcin giya ba, ko a ranar da na fi kowa sha. Amma ina da ƙorafi a kan yadda muke maganarta. Shekara goma sha uku ina zama a wa'azi, na ji azabar mashayi ta kowace fuska, ban taɓa jin an ce wanda ya riga ya faɗa ciki ga ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba, ko a ce kada ya bari shi kaɗai don yana iya mutuwa. Jimla biyu ce, kuma da abokina ya ji su wataƙila da ya buɗe baki.

Ban so in ɓoye wannan: na koma. Wata ashirin da ɗaya ina tsaye, sai rikicin kasuwar Shasha ta Badun ya auku a Fabrairun 2021, kayana na ciki. Na bi hanya don in ga abin da ya rage, ni kaɗai, ga baƙin ciki, ga tashar nan da dare. Duk abin da aka ce in kiyaya ya haɗu wuri guda. Kwana uku na yi ina sha. Abin da ya bambanta wannan karon shi ne a rana ta uku na kira surukina na faɗa masa da bakina. Ya ce, "Kada ka zauna kai kaɗai, hau mota ka taho, ina jiran ka a Jega." Washegarin isowata muna gaban likita. Ya ce da yawa sukan yi tuntuɓe kafin su miƙe, abin da ke kashewa shi ne a yi tuntuɓen a ɓoye. Tun Maris na 2021 ban ƙara kurɓa ba. Na daina rakiyar kaya kwata-kwata, ko da riba ta ragu. Kuɗin ciniki ta banki suke shigowa, matata tana ganin saƙon. Na rama azumin da ake bi na. Manoman nan uku na same su na faɗa musu gaskiya, na biya a hankali cikin kaka biyu. Dattijon ya riga ya rasu, magadansa na ba, kuma na je kabarinsa.

Da NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, ta sanar a farkon 2024 cewa ta hana giyar leda da ta ƙananan kwalaben da ba su kai mililita 200 ba, an yi ta ja-in-ja a kai, ni dai na san wace leda ake nufi, na kuma san yaron mota nawa take kamawa da kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba. Yanzu in wani ya same ni a asirce, nakan ce ya fara da kowane asibiti mai likita, ya faɗi ainihin abin da yake sha, da yawansa, da lokacin kurɓar ƙarshe. Likita ba ɗan Hisba ba ne, sirrin majiyyaci amana ce a wuyansa. Wanda bakinsa ya yi nauyi gaba da gaba, akwai layin waya na kyauta da NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta buɗe a 2022 don masu neman shawara, 0800 1020 3040. Iyali kuma, in mutum ya fara kyarma da zufa da gane-gane kwana ɗaya zuwa uku bayan ya bar wani "magani" da ya saba sha, a yi masa addu'ar a cikin mota, a hanyar asibiti.

A kakar albasar da ta wuce, ina tsaye ana yi mini lodi, na lura da wani yaro cikin masu ɗora buhu. Bai wuce shekara ashirin da biyar ba. Ya karɓi kuɗin aikinsa da hannu biyu, bakinsa na ƙamshin kanumfari da sassafe, kuma a jakarsa akwai gorar roba da saiwoyi a ciki. Na bari sai da mutane suka watse, na saya mana fura, muka zauna a inuwar tirela. Ban tambaye shi komai ba, nawa labarin na ba shi, tun daga tashar gaba da Jebba. Ya ce shi nasa na basir ne. Na ce to, na rubuta masa lambata a bayan takardar lodi. Kwana goma sha ɗaya bayan nan wayata ta yi ƙara kafin kiran assalatu. Ya ce, "Alhaji, ni ne. Hannuna ya ƙi tsayawa." Na ce kada ya zubar da komai, kada ya rantse da komai, ya jira ni a bakin tasha. Na tashi matata na faɗa mata inda za ni, ta miƙo mini makullin mota da hulata.